Jan Layin da ke Ƙarƙashin Hausarmu

Ƴan uwa Hausawan Malanville da na garuruwan da ke kewaye da ita.

Kwanakin baya muka raka wani ɗan uwa shagon buga takardu, cikin shagunan da ke gefen babbar kasuwa, domin a buga masa katin gayyatar ɗaurin auren ɗiyarsa. Ya so a yi katin da harshe biyu: Faransanci a sama saboda ma'aikata da abokan ciniki, Hausa a ƙasa saboda dangi na Gaya da Kamba da Argungu. Saurayin da ke kan kwamfuta ya buga ɓangaren Faransanci lafiya lau, shafi fari tas. Da ya sauko kan Hausa, sai jan layi ya fara bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Ɗaurin aure ja, masallaci ja, sunan ango ja, har addu'ar da aka rufe katin da ita ba ta tsira ba. Ƙaramar ɗiyar mai katin, ƴar aji huɗu a lakkwal, tana tsaye tana leƙe. Sai ta ja rigar mahaifinta ta ce, "Baba, ai wannan duk kuskure ne. Mushenmu in ya yi wa mutum jan biro haka, sifili ke nan." Aka yi dariya, mai shago ya ce injin ne bai iya Hausa ba, aka biya shi, aka watse.

Dariyar ta tsaya a bakin shago, maganar yarinyar kuwa ta biyo mu har gida. Yarinyar nan ba ta yi wauta ba. A makaranta an koya mata cewa ja alamar kuskure ce, ga shi kuma injin da kowa ke ganin ya fi mushe sani ya wanke Faransanci, ya shafa wa harshen uwarta ja daga farko har ƙarshe. Yaron Kano ko na Maraɗi zai iya ganin haka ya wuce, domin Hausa ta kewaye shi a rediyo da allunan shaguna da littattafan kasuwa. Mu a nan tsiraru ne a tsakanin Dandawa da Fulani da Zabarmawa da sauran maƙwabta na arziki. Hausarmu tana da ƙarfi a baki, da ita ake cinikin albasa da shinkafa da goro, amma a kan takarda rabonta kaɗan ne. In ɗan abin da yaro zai gani na rubutacciyar Hausa ya zo masa da jan layi, to darasi ya ɗauka, ko da babu wanda ya yi niyyar koya masa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: mu kunna mai duba rubutu, mu gaya masa harshen da muke rubutawa, mu ciyar da shi da kalmominmu, kuma kada mu sakar masa hukuncin ƙarshe.

Kafin mu kafa hujja, yana da kyau mu san abin da muke magana a kai. Mai duba rubutu ba ya jin magana, ba ya kuma sanin ma'ana. Jerin kalmomi ne aka ajiye masa, duk abin da aka buga sai ya je ya duba ko yana cikin jerin. In ya same shi ya yi shiru, in bai same shi ba ya ja layi. Dabarar ta daɗe: a 1971 wani ɗalibi mai suna Ralph Gorin ya rubuta irin wannan manhaja a Jami'ar Stanford ta Amurka, jan layin nan mai lanƙwasa da ke fitowa ana cikin bugu kuwa ya shigo Word ne a 1995. Kwamfutocin da ke iso mana a nan, mafi yawansu an saita su da Faransanci, madannansu ma jerin Faransa ne. Saboda haka jerin da injin ke dubawa na Faransanci ne. Wanda ke son ya tabbatar da haka ya buga waɗannan kalmomin Hausa ya gani: gare, tare, cire, rage, dire, mai, mari. Ba zai ja wa ko ɗaya layi ba, domin kowacce ta yi kama da wata kalmar Faransanci mai wata ma'ana dabam. Gare a wurinsa tashar jirgi ce, mari kuwa miji ne. Wanda ya san wannan ba zai ƙara jin kunya ba don injin ya ja wa gidansu layi.

Sai dai ɓarnar ba ta tsaya ga kunya ba. Yawancinmu da Faransanci muka fara riƙe alƙalamin boko, don haka hannunmu ya saba da ƙa'idarsa. Shi ya sa ake ganin sannou maimakon sannu, da tchiniki maimakon ciniki, da chinkafa maimakon shinkafa, da djama'a maimakon jama'a. Injin da aka saita da Faransanci ba ya taimaka mana mu fita daga wannan, domin daidai da kuskure duk ja ɗaya yake ba su, har ma yakan saka tazara kafin alamar tambaya kamar yadda Faransawa ke yi. Sunayen da ke kan takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa kam a bar su yadda hukuma ta rubuta, kada wani ya jawo wa kansa wahala a ofis. Amma wasiƙa da sanarwa da yarjejeniya, in an yi su da Hausa, ya kamata ɗan uwa na Sakkwato ko Zariya ya karanta ba tare da ya tsaya yana fassara baƙaƙe ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, da rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, zumunci da ciniki da yawa sun koma cikin waya. Saƙon da a da ake kai shi da ƙafa, yau a rubuce yake tafiya, kuma abin da aka rubuta shi ne shaida ranar da aka yi musu.

Wani zai ce, ai Hausa ba ta da ƙa'idar rubutu, kowa yadda ya ji yake yi. Wannan magana ba ta da tushe. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da baƙaƙen boko. G. P. Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. A cikin shekarun 1930 ne, zamanin da R. M. East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ta kai su gidajen mutane. An yi taron Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, aka yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, a 1999 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da rubutun Hausa a ƙasarta. Ɗan bambancin da ya rage sananne ne: Nijar tana rubuta ƴ mai ƙugiya, Nijeriya tana rubuta y da ɗan waƙafi a gabanta. Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ashe gado muke da shi na fiye da shekara ɗari, mu ne ba mu je karɓar rabonmu ba.

Wani kuma zai ce, to a kashe abin mana, kowa ya huta. Mun ji wannan daga bakin masu shaguna da yawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai gyara da bai san harshe ba ɓarna yake yi. Amma mu tuna daga inda muka fito. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, suka yada zango a Ilo da Kandi da Zugu, sun zo da allo da tawada tare da kayan fatauci. A tsangaya ba a taɓa barin rubutu ba dubawa. Almajiri ya rubuta allonsa, ya kai wa malam ya gyara kafin ya fara biyawa. Alaramma ya rubuta Alƙur'ani da ka, duk da haka sai an ba wasu mahaddata sun bi shi baƙi bayan baƙi. Jar tawada ma a wurinmu ba ta zargi ba ce, da ita ake sa wasali, ita ce ke nuna wa mai karatu yadda zai furta. Al'ummar da ta tashi a kan wannan tarbiyya ba ta da dalilin gudun mai dubawa. Wanda ya kashe mai duba rubutu ya rabu da jan layi, amma bai rabu da kuskure ba, ya dai rufe ido ne, an ce kuwa rashin sani ya fi dare duhu.

Ga yadda ake yi, ga masu Word da ke magana da Faransanci. Da farko a tabbatar mai dubawar a kunne yake: a shiga Fichier, sai Options, sai Vérification, a sa alama a akwatin da ke cewa a duba rubutu ana cikin bugu. Daga nan a zaɓi ɓangaren da aka rubuta da Hausa, a je Révision, sai Langue, sai wurin tsayar da harshen dubawa. Hausa tana cikin jerin harsunan. A zaɓe ta, a cire alamar da ke barin injin ya cinki harshe da kansa, domin in an bar masa cinke zai koma gidansu. Harshen da ƙamusunsa ke cikin injin yana da ƴar alama a gefen sunansa. In Hausa ba ta da ita, sai a koma Options, a shiga Langue, a ƙara ta cikin harsunan rubutu, a nemi sauke kayan dubawarta lokacin da ake da intanet. Takarda ɗaya tana iya ɗaukar harshe biyu, kowane sakin layi da nasa, kamar katin ɗan uwanmu. Madannin F7 kuma yana bin takarda daga sama har ƙasa, yana tsayawa a kan kowace kalmar da yake shakka.

Wanda bai sami ƙamusun Hausa a injinsa ba, yana da hanya biyu. Ko dai ya zaɓi ɓangaren Hausar ya sa masa alamar kada a duba, don ja ya tashi daga kansa, sa'an nan ya bi shi da ido da kansa. Ko kuwa ya gina nasa ƙamusun: duk kalmar da ya tabbatar daidai take, ya danna ta da hannun dama na linzami, ya zaɓi Ajouter au dictionnaire. A nan sai an yi haƙuri, domin kowace siffa ta kalma dabam ake shigar da ita: gida, gidan, gidansa, gidanmu, gidaje, gidajen. Amma wata biyu ko uku na aiki sun isa mai shago ya tara kalmomin da yake bugawa kullum, daga nan jan layi ya fara faɗa masa gaskiya. Baƙaƙe masu ƙugiya kuma suna nan a Insertion, ƙarƙashin Symbole, kowane da lambarsa: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. A nan ne kuma ake ɗaura wa kowane gajeriyar hanya a madannai, sau ɗaya, a huta. A waya abin ya fi sauƙi, domin Gboard yana da Hausa cikin harsunansa, ƙara ta kawai ake yi.

Yanzu sai gargaɗi, don kada mu fita daga rana mu faɗa wuta. Ko da injin ya sami ƙamusun Hausa mafi cika, akwai kurakuran da ba zai taɓa gani ba, kuma su ne suka fi cizo. Ɗan kasuwa ya rubuta wa abokinsa cewa ya aiko masa da ƙaya, alhali kaya yake nufi. Wani ya ce an tafi faɗa, alhali fada aka tafi gaisuwa. Mun yi baƙi dabam, mun yi baki dabam. Kare da ƙare, kafa da ƙafa, bari da ɓari, kowacce kalma ce mai zaman kanta, saboda haka injin zai bar ta ta wuce. Haka rabon kalmomi: na ba shi magana ce ta wanda ya miƙa abu, na bashi kuwa ta kayan da ba a biya ba ce, kuma tazara ɗaya ce tsakaninsu. Ta fi ba tafi ba ce, ma su ba masu ba ne. Ga kuma abin da rubutunmu ba ya nunawa, wato karin sauti da tsawon wasali: gada ta kan kogi da gada ta daji rubutunsu ɗaya, fari na launi da fari na rashin ruwa haka. Wannan duk aikin mutum ne. Takardar da ta shafi kuɗi ko aure ko gado, bayan injin ya gama nasa, a karanta ta a bayyane, a ba wani ya sake dubawa. Idon mutum biyu ya fi na ɗaya.

Akwai wata damuwa da ta fi waɗannan nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, mu kuwa bakinmu na yamma ne, irin na Kabi da Arewa da Sakkwato. Muna cewa ɗiya, da kassuwa, da shina zuwa, da wanga gari, da mi ya faru. Muna da kalmomin da muka aro daga Faransanci muka mayar da su namu, irin su lakkwal da mushe da duwan da jandarma, muna lissafi da dala da jika. Ƙamusun da aka tara a wani wuri mai nisa zai iya ja wa waɗannan layi kamar yadda na Faransanci ya yi. Ashe mun tsere wa wani ubangida mun faɗa hannun wani ke nan?

Amsarmu ita ce a rarrabe abu biyu. Ƙa'idar baƙaƙe dabam, zaɓin kalma dabam. Ƙa'idar baƙaƙe ta kowa ce: u ɗaya ce, c ɗaya ce, ƙugiya ƙugiya ce, daga Agadas har Kumasi. Wannan ita ce ke sa a karanta mu a ko'ina, kuma a kanta ba mu ga dalilin jayayya ba. Kalma kuwa ta mai ita ce. Bargery kansa ya shigar da kalmomin Sakkwato da na Katsina a ƙamusunsa, ya nuna inda ake faɗinsu. In muna rubuta wa duniyar Hausa baki ɗaya, mu kusanci daidaitacciya don a fahimce mu, kamar yadda muka yi a wannan rubutu. In muna rubuta tatsuniyar kaka ko kirarin masunta ko zancen kasuwa, mu rubuta yadda aka faɗa, da baƙaƙen da suka dace. In injin ya ja wa ɗiya layi, mu shigar da ɗiya cikin ƙamusunsa. Shi baƙo ne a gidanmu, kuma baƙo ko da manyan idanu ba ya ganin gari sai an zaga da shi.

Daga nan ne shawararmu ta fito. Ƙamusun da mutum ya gina a injinsa ɗan fayil ne na kalmomi, ana iya kwafarsa a kai wa wani injin. Me zai hana masu shagunan buga takardu na Malanville, da malaman makarantun allo da na islamiyya, da masu koyar da yaƙi da jahilci, da samarinmu da ke karatu a Parakou da Kwatano, su haɗa hannu su tara jeri ɗaya? Kowa ya kawo nasa, a zauna da dattawa biyu ko uku masu kunnen Hausa, a ajiye ƙamus a gefe, a tace. A sa sunayen garuruwa da unguwanni, da kalmomin kasuwa, da na noman shinkafa da albasa, da na su da tuƙin jirgi a kogin Kwara. Wanda ba ya da kuɗin Word yana iya amfani da LibreOffice, wadda kyauta ce. Mai duba rubutunta, Hunspell, fayil biyu yake buƙata: ɗaya na jerin kalmomi, ɗaya na ƙa'idojin ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Babu izinin da za a nema a Faransa ko Amurka kafin a yi wannan. Babu kuma kamfanin da zai aiko mutum daga can ya tambaye mu yadda muke kiran kifayen koginmu. In ba mu rubuta ba, babu mai rubutawa.

Doka ma ba ta tare mana hanya ba. Tsarin mulkin Benin na 1990 ya sa Faransanci harshen hukuma, amma sashe na 11 ya ba kowace al'ummar ƙasar ƴancin amfani da harshenta a baki da kuma a rubuce. Tun 1975 ƙasar nan take da baƙaƙen rubuta harsunan gida. A tsallaken kogi kuwa, a Maris 2025, sabuwar dokar Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da siyasar can, abu ɗaya a fili yake: rubutacciyar Hausa za ta ƙara amfani a wannan yanki, kuma yaron da ya iya ta da kyau, tare da Faransancinsa da Dandancinsa, ya riƙe makullai uku. Ba muna kiran kowa ya yi gaba da Faransanci ba ne. Da shi ƴaƴanmu ke cin jarrabawa, kuma ga takardar Faransanci mai duba rubutu abokin arziki ne da ya kamata kowane ɗalibi ya kunna. Abin da muke nema shi ne a ba kowane harshe ma'auninsa, kada a auna gero da sikelin zinariya a ce ya gaza.

Saboda haka, ɗan uwa, ranar da ka sake shiga shagon buga takardu da rubutun Hausa a hannu, kada ka yi shiru in ka ga ja ta rufe shafi. Ka roƙi mai shagon, cikin girmamawa, ya canja harshen dubawa. Ka duba ƙugiyoyi kafin a buga. In da yaro a kusa, ka bayyana masa cewa injin ne ake koya wa Hausa, kuma shi ma yana cikin malaman. Mun koma wancan shagon bayan kwana biyu, muka zauna da saurayin kamar rabin sa'a, muka bi matakan nan tare. Kalmar farko da ya shigar a sabon ƙamusunsa ita ce ɗiya. Mahaifin yarinyar ya ce zai kawo ta ta gani da idonta.

Allah ya sa mu dace, ya albarkaci zuriyarmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya.